Gwangwanin Mai Ɗigo

Da mai faci ya zo kirana da safe, tambayar farko da na yi masa ita ce mutum nawa suka riga ni shiga wurin. Ya ce duk layin makanikai ne. Na ce to me zan je in gani, takalman jama'a?

Shekara talatin na yi ina bin sawun dabbobin sata kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ni a gari wurin ɗana. A duk tsawon aikin nan ban taɓa jin haushin ɓarawo kamar yadda nake jin haushin 'yan kallo ba. Ɓarawo yakan bar mini abin karantawa a ƙasa, su kuwa su zo su tattake shi tas, sannan su zuba mini ido suna jiran in faɗi suna. Amma da mai faci ya ce shagon marigayi Mai Ɗigo aka fasa, sai na ɗauki hula da sanda na bi shi.

Mai Ɗigo makaniken injinan dizal ne, irin na ban ruwa da na niƙa. An laƙaba masa sunan ne don bai yarda ɗigon mai ya taɓa ƙasa ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana fama da inji guda, yana neman yadda zai yi aikinsa da mai kaɗan. Ya sake fasalin ramin da ke kan fistan, ya rage kaurin kan injin don iska ta ƙara matsuwa, ya sa nozul mai ƙananan huji don man ya fita a feshe ya ƙone duka. Kwalbar awon da injin kowa ke shanyewa a minti arba'in, nasa sai ta kai hamsin da biyar. An yi masa dariya har aka gaji, daga baya manoman rani, waɗanda tsadar mai ta hana su sakat, suka fara zuwa suna leƙe. Wata biyu ke nan da rasuwarsa, kuma washegarin ranar da nake ba da labari malaman kwalejin fasaha za su zo su gwada injin a gaban jama'a. Sai ga shi an wayi gari an yanke kwaɗon shagon, an kwance kan injin an tafi da shi.

*

Na tarar da ƙofar shagon cike maƙil. Shugaban makanikai, mutum mai son a ji muryarsa, ya tare ni ya ce ai an ma kama ɓarawon, ni dai a nuna mini inda aka ɓoye kayan. Mai walda ne, wanda rumfarsa ke bayan shagon. An ga sawun takalminsa a ƙarƙashin tagar baya, kuma kowa ya san ya taɓa zaman gidan yari. Sun kulle shi a ɗakin ƙungiya, in la'asar ta yi kan injin bai fito ba, za su miƙa shi ga 'yan sanda su rushe rumfarsa.

A cikin shagon mutum biyu ne. 'Yar marigayin, wadda ta karanci aikin injiniya har ake kiranta Injiniya, tana tsaye gaban injin, idonta ya yi ja amma ba ta kuka. Ɗayan kuwa ƙanen mahaifiyarta ne, dogon mutum mai furfura, shekara talatin yana aiki ƙarƙashin marigayin, duk layin Kawu suke ce masa. Yana zaune kan tsohuwar taya, ya dafe kai.

Injin yana kan teburinsa na ƙarfe, samansa a buɗe, an rufe bakin silinda, ramin da fistan ke ciki, da farin tsumma. Na tambayi wa ya rufe. Kawu ya ce shi ne, da safe da suka tarar da abin, don kada ƙura ta shiga. Injiniya ta ce ba abin da aka ɗauka sai kan injin. Ga sifanu a jere, ga wayoyin jan ƙarfe, ga batir sabo, duk suna nan.

"Baba," ta ce mini, "shekara goma sha ɗaya ce a cikin ƙarfen nan. In ba a same shi ba, gobe za a ce dama ƙarya mahaifina yake yi."

Na ce mata zan yi iyakar ƙoƙarina. Na ɗauki kwaɗon da aka yanke na juya shi a hannu. Yankan ya karkace, da alamar an tsaya an huta an sake kamawa. Na sa shi a aljihu.

*

Mai walda na zaune a ƙasa a ɗakin ƙungiya, rigarsa a yage, ya rungume hannunsa na dama a ƙirji. Hannun ya kumbura har yatsun ba su lanƙwasuwa. Ya ce wani ne ya take shi da takalmi lokacin da aka kayar da shi, bai ga ko wane ne ba.

Na tambaye shi me ya kai shi tagar baya. Ya ce kullum yana zuwa. Da ya fito daga gidan yari ba wanda ya yarda ya ba shi wuta a layin, sai Mai Ɗigo da ya zuro masa waya ta tagar nan. Kowace safiya yakan je ya jona, kowane yammaci ya cire, shekara shida ke nan. Na nuna masa kwaɗon. Ya dube shi da ido ɗaya, don ɗayan ya rufe.

"Da zarto aka yanka wannan," ya ce. "Ni da nake da injin yankan ƙarfe, in tsaya ina goga zarto kamar mai yankan kabewa?"

Na koma tagar na durƙusa, gwiwata tana ƙara. Sawunsa na nan, tsoho a kan tsoho, hanya guda ta zuwa da komawa. Babu wanda ya nutse fiye da ɗan'uwansa. Kan inji kuwa ba ƙaramin nauyi ba ne, wanda ya ɗauke shi dole dugadugansa su faɗa a ƙasa. Na gaya wa Shugaba haka, na ce a kai mutumin nan asibiti. Ya ce sai la'asar. Na yi masa kallon da ya kamata, amma ban matsa ba, kuma har yau abin yana damuna.

*

Jama'a suka ce to in ba mai walda ba ne, mai kayan gyara ne. Shi ne mai babban kanti a bakin titi, ya sha zuwa wurin marigayin yana neman ya sayar masa da fasahar, ana korarsa. An kuma ga motarsa a ƙofar shagon jiya da yamma, ga sawun tayarta nan ban musa ba.

Na same shi bayan kanta, farar rigarsa ko ɗigon baƙin mai babu. Bai ɓoye ba, ya ce ya je. Ya je ne ya roƙi Injiniya gobe in malaman kwaleji sun zo a ba shi kujera a gaba, a ambaci kantinsa. Ya ce kan injin shi kaɗai ba shi da amfani sai da fistan ɗin da aka yi masa, in da zai yi sata da injin gaba ɗaya zai sa a ɗauko. Na dubi hannayensa, masu laushi kamar na mai jego. Mutum ne da ya san farashin kowane noti amma bai taɓa kwance ko ɗaya ba.

Daga nan na bi sawun baro da ya fita ta lungun baya, na ɓata fiye da awa guda a kansa. Ya kai ni filin masu sayen tsohon ƙarfe, inda na tarar da tsohon gadon ƙarfe da gawar firji. Mai baron ya rantse bai shiga shagon ba, ni ma ban buƙaci rantsuwarsa ba. Wanda ke satar ƙarfe don awo ba zai tsallake wayar jan ƙarfe da batir ya tsaya kwance noti ba.

Na dawo rana ta take, gwiwa na zugi, hannuna babu komai.

*

Na sa aka fitar da kowa daga shagon, na bar Injiniya kaɗai. Na ce ta nuna mini yadda ake cire kan inji, daki-daki, kamar tana koya wa jahili, don jahilin ne. Ta ce da farko sai a zubar da ruwan sanyaya inji, a cire bututun hayaƙi, sannan a kwance siririn bututun da ke kai mai zuwa nozul. Na tambaye ta in an kwance shi me ke faruwa. Ta ce man da ke ciki zai zubo, da na mazubin tacewa, kamar rabin kofin shayi.

Jama'a sun tattake ko'ina a shagon, amma akwai wuri guda da ƙafa ba ta shiga, wato ƙarƙashin teburin injin. Na kwanta rub da ciki na tura kaina. Ƙasa ce mai laushi, ƙurar wata biyu ta kwanta a kanta, har da sawun ƙadangare. Na shafa, na shinshina. Busasshiya ce ƙayau. Man dizal in ya zuba a ƙasa yakan yi mako yana nuna kansa, ga tabo ga wari. Nan ko ɗigo babu.

Na fito ina kakkaɓe riga, na tambaye ta yadda mahaifinta yake yi man ba ya zuba. Sai ta ɗaga kai ta dubi saman ƙofa. Can sama, a jikin ƙusa, akwai wani ƙaramin gwangwani da aka yi wa mariƙi da waya. Ta ce da shi yake tare man, ya juye a tanki, ya mayar da shi ƙusarsa. Duk wanda ya koyi aiki a hannunsa, kafin ya koyi riƙe sifana sai ya koyi riƙe gwangwanin nan. Ta ce tun rasuwarsa ba a taɓa shi ba, don ba a buɗe injin ba, ita kuma ko ta so hannunta ba ya kaiwa sai ta taka benci.

Na dubi bencin, ƙura a kansa ba tabon ƙafa. Na sa sandata na sauko da gwangwanin. Bayansa da ƙura, amma inda yatsu suka riƙe a goge yake. Na zura yatsa ciki, ya fito da danshi yana ƙyalli.

Injiniya ta dubi yatsana, ta dube ni. Ta fi ni saurin ganewa, na ga lokacin da abin ya sauka a ƙirjinta. Ta ce, a hankali, ba zai yiwu ba. Na ce ni ma ina fata haka. Na mayar da gwangwanin ƙusarsa, na roƙe ta kada ta ce komai tukuna.

*

Dab da la'asar na tara su a shagon: Shugaba, mai kayan gyara, Kawu, Injiniya, da mai walda da aka kawo yana ɗingishi. Sauran jama'a suka yi cincirindo a ƙofa. A kusurwa akwai injin ban ruwan wani manomi da aka kawo gyara. Na sa aka jawo shi tsakiya, na ce kowa zai kwance mini siririn bututun mai ya mayar, ina son in ga hannun kowa a kan aiki.

Mai kayan gyara ya fara. Sai da aka nuna masa notin, da ya kwance kuwa man ya fantsamo masa a farar riga, wasu suka yi dariya. Shugaba ya karɓa yana cewa wannan wasan yara ne. Ya kwance a murɗa biyu, man ya zuba ƙasa, ya sa takalmi ya murje shi da ƙura ba tare da ya ko duba ba. Haka makanikai suke yi ko'ina. Mai walda ya ɗago hannunsa kawai, na ce ya zauna.

Na miƙa wa Kawu sifana.

Ya karɓa. Na ga idonsa ya tafi saman ƙofa ya dawo da sauri. Mutum ne mai hankali, ya gane abin da nake nema, ya kuma yi niyyar kada ya ba ni. Ya durƙusa, ya ɗora sifana, ya murɗa a hankali, hannunsa na hagu a kan gwiwa ya danne shi. Man ya taru a bakin notin, ya yi ɗigo, ɗigon ya yi nauyi ya fara tsawo. Kafin ya faɗi, hannun hagun ya bar gwiwa ya shiga ƙarƙashi, man ya sauka a tafinsa.

Ya zauna a haka, tafin hannu a buɗe, man yana taruwa. Bai ɗago kai ba.

Na gaya wa jama'a abin da na gani ƙarƙashin tebur da cikin gwangwani. Na ce mutum biyu ne suka rage a layin nan da ba za su iya barin man nan ya taɓa ƙasa ba ko da sata suke yi, ɗaya kuma hannunta ba ya kaiwa ƙusa. Wani daga ƙofa ya ce ai tana iya taka wani abin, wa ya sani ko ita ta sayar. Kawu ya ɗago a fusace.

"Kada wanda ya sa bakinsa a kanta. Ni ne."

*

Ya buɗe akwatin kayan aikinsa da ke bakin ƙofa, wanda tun safe mutane ke zama a kansa. Kan injin na ciki, naɗe da rigar aikin marigayin. Ya ɗora shi a tebur ya kifa shi, ya sa farce tsakanin mazaunin bawul biyu, na shigar iska da na fitar hayaƙi. Sai da na matso sosai na gani: tsaga ce siririya kamar gashi.

Ya ce mako uku kafin rasuwar, sun bar injin yana jan ruwa kwana biyu da rabi ba tsayawa, sai suka ga ruwa a cikin baƙin mai. Rage kaurin da aka yi ya sa ƙarfen bai jure zafi ba. Marigayin ya ce a rufe a mayar, zai yi tunani, kada a gaya wa yarinya tukuna tana tsakiyar jarrabawa. Ciwo bai ba shi lokacin tunanin ba. Kawu ya ce gobe awa shida malaman za su bar shi yana aiki, kafin awa uku zai tafasa ya yi farin hayaƙi, a gaban duk waɗanda suka yi shekara goma sha ɗaya suna dariya, ita kuma tana tsaye a gefensa. Ya yi ta neman bakin gaya mata ya rasa.

"Na ce in an sace, za a ce don yana da kyau aka sace. Sunan Yaya ya tsira."

Na tambaye shi yana ina lokacin da ake dukan mai walda. Ya ce yana tsaye a wurin. Ya ce sau biyu ya buɗe baki zai hana su, ya fasa.

Injiniya ta jawo littafin awon mahaifinta daga aljihun tebur, wani tsohon littafi da baƙin mai ya rina gefensa. Ta ce duk gwajin da ya lalace a shekarun nan yana ciki da rubutun hannunsa, kafin wannan bai taɓa ɓoye ko ɗaya ba. Sannan ta tambaya:

"Kawu, minti hamsin da biyar ɗin nan, gaskiya ne ko ƙarya?"

"Gaskiya ne. Da idona na auna, ba sau ɗaya ba."

"To ƙarfe ne ya gaza, ba Baba ba. Kai ne ka ɗauka ya gaza."

Kawu ya rufe fuska da hannun da ke jiƙe da mai. Na san mutumin nan ba mugu ba ne, kuma tausayinsa ya kama ni, amma a bayansa ga mai walda zaune da ido ɗaya a rufe.

Shugaba, wanda muryarsa ta ragu sosai, ya tambaya ko tsagar za ta ɗinku kafin gobe, ko da na gwajin awa shida ne. Injiniya ta ce irin wannan ƙarfen na zubi ba kowa ke iya masa walda ba. Sai an gasa shi a hankali, a ɗinke, a binne shi cikin toka ya kwana yana hucewa, in aka yi gaggawa ya sake tsagewa. Ta ce mutum ɗaya ta sani a garin da ya iya. Ba ta faɗi ko wane ne ba, ba a kuma tambaya ba. Kowa ya juya ya dubi mai walda.

Mai walda ya tashi da kyar ya zo gaban tebur. Ya sunkuya ya daɗe yana duban tsagar, ya bi ta da ɗan yatsan hagu daga farko har ƙarshe, kamar yadda nake bin sawu.

"Wannan ai aikin yini ɗaya ne," ya ce. "Kawu, taku goma ne tsakanin shagon nan da rumfata. Da ka kawo mini shekaranjiya, da yanzu ya huce, kuma da ba wanda zai ji a bakina."

Ya yi ƙoƙarin dunƙule hannun dama, yatsun suka ƙi. Ya mayar da shi ƙirji.

*

Mai kayan gyara ne ya kai shi asibiti a motarsa, aka ce ƙashi biyu ne suka karye, sai bayan wata uku a ga ko zai riƙe abin walda. Injiniya ta hana a kira 'yan sanda. Shugaba ya je har gida ya ba da haƙuri, matar mai walda ta saurare shi daga bakin ƙofa ba ta ce ya shigo ba.

Washegari malaman kwaleji suka zo su uku. Injin bai tashi ba. Injiniya ta ɗora musu kan injin a kife, ta nuna tsagar da kanta, ta buɗe littafin tun daga shafin farko. Sun zauna har azahar suna karantawa suna tambaya, mafi tsufansu ya nemi izinin kwafar awon, ya ce a zuba sabon kai mai kauri a inda ya tsage, su dawo. Ba wanda ya yi dariya, ko mutum ɗaya.

Kawu bai shigo ba. Da zan tafi na zagaya ta baya, don mai bin sawu ba ya fita ta inda ya shiga. Na same shi a rumfar mai walda, ya share ta, ya jera ƙarafan, yana tsaye ƙarƙashin taga da wayar wuta a hannu. Ya jona ta kamar yadda mai ita yake yi kowace safiya, ko da yake ba mai kunna injin waldar. Da yamma, aka ce mini, ya dawo ya cire.